Azumin da Likita ta Hana Nafi'u

Da sunan Allah mai rahama. Ban iya doguwar shimfiɗa ba, don haka ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙanena Nafi'u ya rasu yana ɗan shekara goma sha tara, kuma ni na yi jinyarsa daga farko har ƙarshe. Tsakanin Kura da Bunkure na san gidajen da ke da yaro irinsa, wanda ake kira rago tun yana ƙarami. Idan a gidanku yake, ku daure ku karanta. Ba zan ce muku akwai magani ba, don babu. Abin da zan iya gaya muku shi ne abubuwan da ke hura ciwon, domin babu wanda ba a yi wa Nafi'u ba a garinmu.

Ƙauyenmu yana bakin babban kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam. Baba manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Umma tana turara shinkafa ana kaiwa inji a Kura, ni kuma tun da na gama sakandare nake taya ta. Shekara biyu na ba Nafi'u. Gajere ne siriri, kuma tun muna yara in aka yi tsere a gaɓar kanal, shi ake bari a baya a tsugune yana amai. A gona kunya biyu yake yi ya nemi inuwa. Baffa Idi, ƙanin Baba, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya daɗe yana cewa ba abin da ke damun yaron nan sai son jiki, a ba shi shi wata ɗaya a ga aiki. Amma a zaune babu wanda ya kai Nafi'u amfani. Rediyon rabin garin shi ke gyarawa a zaurenmu, kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ni Sajan yake ce mini, wai ban taɓa roƙon abu ba sai dai in ba da oda.

Ciwon ya fito fili da damina, lokacin cirar ciyawar shinkafa. Makon farko ciwon kai ne na ɓari ɗaya, da amai wanda ba ya tsayawa. Mai kemis ya dube shi daga bayan kanta ya ce maleriya ce da taifod, kamar yadda yake gaya wa kowa, ko da ƙafa mutum ya karye. Aka yi allurai. Ya ɗan miƙe, ya koma gona, ciwon ya dawo.

A mako na biyu ya faɗi a zaure yana cikin gyaran rediyo. Jikinsa ya sanƙare, ya shiga fizge-fizge, ya ciji harshensa. Daga ranar gidanmu ya zama kasuwar shawara. Wata ta ce iska ce, ya taka wani abu a bakin kanal da magariba. Wani ya ce basir ne ya hau kai. Aka kawo saiwoyi, aka kawo hayaƙi, aka kawo wani ruwa baƙi a jarkar man gyaɗa. Gwaggo, yayar Baba, ta ce farfaɗiya ce kuma ana ɗauka, ta ware masa kofi da kwano ta ɗaura musu zare. Na ɗauki kofin a gabanta na sha ruwa da shi. Ta ce ba ni da kunya, na ce na sani.

A cikin duk waɗanda aka kira, mutum ɗaya zan yaba. Wani malami da aka ɗauko don ya yi masa ruƙya ya yi karatunsa, ya gama, ya ce wa Baba shi bai ga alamar aljani ba, a kai yaro asibiti. Ya ƙi karɓar sadakar da aka miƙa masa. Allah Ya saka masa.

Asibitin da ke kusa da mu layi ne kawai. Layin kati, layin likita, layin gwaji, layin magani, kuma kowane layi yana da wanda zai ce maka ba nan ba ne. Nafi'u ba ya iya tsayuwa, don haka ni nake tsayawa, shi yana kwance a kan taburma a baranda yana yi wa masu wucewa sharhi. Wata nas ta daka mini tsawa don na tambaye ta sau biyu, ni ma na mayar mata, muka rasa wurinmu. Wata kuma, wadda ban ma san sunanta ba, ta ga haka ta karɓi katin ta shigar da shi ta ƙofar baya. Aka ba shi ƙwayar farfaɗiya, aka ce mu dawo bayan wata.

Ba mu kai watan ba. Wata safiya ya fito daga ɗaki ya daki ƙyauren ƙofa da kafaɗarsa ta hagu, ya sake fitowa ya sake dukansa. Na tsaya ta hagunsa na ɗaga hannu, bai gan ni ba. Ya ce rabin duniya an kashe mata fitila. Kunnensa ma ya fara nauyi, har ya riƙa ƙure muryar rediyo yana cewa rediyon ce ta lalace. A nan aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano.

Kafin mu kai ga likitar da ta gane ciwon, tunkiyar Umma ta tafi, buhunan shinkafar da aka ajiye don ci sun tafi, ɗaya daga cikin manyan tukwanen turari ta tafi. Hoton kai kaɗai, wanda aka tura mu wani wuri a cikin gari muka yi, shi ya cinye tunkiyar. Kullum muna kan hanya, babur zuwa titi, mota zuwa Kano, shi yana jingine da ni yana amai a leda, fasinjoji suna toshe hanci. Makonni muka yi a haka ana ce mana mu dawo.

Likitar mace ce, dattijuwa, ba ta da fara'a, kuma ita ce ta farko da ta tambayi abin da babu wanda ya tambaya. Ta ce yaya yake tun yana yaro in ya yi gudu. Ta ce akwai mai ciwon suga ko nauyin kunne a dangin uwa. Muka kalli juna da Baba, don Umma tana da duka biyun duk da ba ta da jiki, kuma ƙaninta ya rasu yana saurayi da abin da aka ce iska ce. Ta duba hoton, ta duba gwajin jini. Sannan ta ce tana da zato mai ƙarfi, amma gwajin da zai tabbatar ba a yinsa a nan, sai an yanki tsoka an aika ƙasar waje, kuma ko an tabbatar ba zai canza abin da za ta gaya mana ba.

Ta tambaye ni ko na yi bayoloji. Na ce na yi. Ta ce ko na tuna mitokondiriya. Na tuna. Mun zana ta a aji, wani abu kamar ɓawon gyaɗa da aka tsaga, da layuka a ciki suna kai da komo. Na zana na sami maki, ban taɓa tunanin abu ne da ke cikin jikin wani da na sani ba.

Baba ya ce a yi masa da Hausa. Sai ta juya gare shi. Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kuma a kowane ɗaki akwai waɗannan 'yan abubuwa, su ne ke mayar da abinci ya zama ƙarfi. Kowace ɗaya tana da tantani biyu, na waje shafaffe, na ciki mai ninki. Ta kamo bakin gyalena ta tattare shi a tafin hannunta ninki bisa ninki, ta ce mu duba yawan yadin da ya shiga ɗan wannan wuri. A jikin wannan tantani na ciki, in ji ta, aka jera wasu injina. Abincin da muka ci shi ne mansu, iskar da muka shaƙa kuma can take zuwa ta kwashe abin da suka gama da shi. Ta ce numfashin da muke yi da hanci dako ne kawai, ainihin numfashin a jikin wannan tantani ake yinsa. Aikin injinan shi ne su yi ta tura wani abu zuwa bayan tantanin har ya taru, tantanin ya riƙe shi bai bari ya zurare ba. In ya taru sai ya dawo ta ƙofa ɗaya tak da ƙarfi, ya juya wata 'yar farfela, wannan juyin shi ne ƙarfin da mutum ke ɗaga hannu da shi, yake gani, yake tunani. Yawan ninki, yawan injina da ƙofofi.

Baba ya ce, kamar dam ke nan. Ta ce kamar dam. Ta ce a jikin Nafi'u da yawa daga cikin injinan an haife shi da su raunana, don haka dam ɗinsa bai taɓa cika ba. In yana zaune yana ci a kan kari, ɗan abin da ya taru yana isarsa. In ya yi aikin ƙarfi, ko zazzaɓi ya kama shi, ko ya zauna da yunwa, sai buƙata ta fi abin da ke akwai. Jiki ya koma ƙona abinci ta wata hanya mai barin tsami a jini, shi ne aman da ciwon ƙafar. Kuma gonakin da suka fi shan ruwa su ke fara bushewa, wato ƙwaƙwalwa, da ido, da kunne.

Sai Baba ya yi tambayar da har yau nake jin ta. Ya ce, “To likita, injinan nan, ba a canza su? Ko nawa ne, a faɗa mini, ina da gona.”

Ta ce, “Ba a canzawa, Baba. Ba a nan ba, ba a ko'ina ba.”

Ta ƙara da cewa ta wajen uwa ake gadonsa. Baba ya ce kada wanda ya kai wa Umma wannan magana, kuma ba a kai mata ba. Ni na tambaya, ni fa. Ta ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a, babu mai iya gaya mini. Na ce to. Ba ni aka kawo ba.

Ta canza masa ƙwayar farfaɗiyar, ta ce akwai irin da ba su dace da mai wannan ciwo ba. Ta rubuta wasu magungunan ƙarin kuzari, ta faɗa mana gaskiya cewa taimakonsu kaɗan ne. Sannan ta kafa doka. Kada ya yi aikin ƙarfi. In zazzaɓi ya taɓa shi a kawo shi ranar. Mafi girma duka, kada ya zauna da yunwa, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan daga safe har dare. A lokacin saura 'yan makonni a ga watan azumi. Baba ya ce azumi fa.

“Ban da azumi,” in ji ta. “Ni ma Musulma ce, na san nauyin abin da nake faɗa. In ya yi azumi zai iya kashe shi.”

Nafi'u ya ce, “Likita, ki rubuta da manyan baƙi in rataya a wuya. Ba ki san garinmu ba.” Ta ɗan murmusa. Ni ban yi dariya ba, don na san garinmu.

Bayan mun dawo ya sami sauƙi na gaske. Ganinsa na hagu ya dawo kusan duka. Na zame masa agogo, koko da safe, ɗan fate da hantsi, tuwo, fura, dabino a aljihu. Har ya ɗan yi kumatu. Wannan ne lokaci ɗaya tak a duk jinyar da na yarda cewa za mu iya riƙe shi.

Baba ya je wurin limamin garinmu ya yi masa bayani. Liman bai ja ba ko kaɗan. Ya ce mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa ba ya azumi, ciyarwa ake yi masa, kuma in ya yi alhali likita ta hana, ba lada ya nema ba. Har a wurin tafsiri ya faɗi haka ba tare da kama suna ba. Don haka kada wanda ya karanta wannan ya ce addini ne ya kashe ƙanena. Addini ya sauke masa. Mutane ne suka ɗora masa.

A shekarar azumi ya faɗo daidai dashen tumatir, ruwan sama ya ɗauke, ga zafin kaka. A gidanmu ba a ɗora girki da rana a azumi, abin da aka rage na sahur kuma kafin azahar ya yi tsami. Kuma shi ba ya iya cin abinci a gaban Umma tana azumi, sai ya ce ya ƙoshi. Maƙwabciyarmu Maman Bulus ce ta kawo mafita. Mutanen Filato ne, mijinta yana gyaran injin ban-ruwa, sun fi shekara goma a bayan gidanmu. Ta ce tukunyarta dama tana kan wuta da rana saboda yaranta, Nafi'u ya riƙa zagayowa ta baya yana ci. Da na yi maganar biya ta ce in sake faɗa in ga ɓacin ranta. Goman farko a haka muka yi ta lafiya.

Sai wata rana yara suka gan shi yana fitowa daga gidan yana goge baki. Kafin la'asar labari ya kai majalisar samari da ke ƙarƙashin dalbejiyar bakin masallaci, abokansa na wasa, waɗanda yake gyara wa rediyo kyauta. Suka sa masa Bulus ƙarami. Wani ya tambaye shi ƙarfe nawa ake shiga coci ran Lahadi don su raka shi. Ya mayar musu da baƙar magana, don ba a cin sa a baki, suka yi dariya tare. Amma da ya shigo gida ya wuce ɗaki kai tsaye.

Washegari Baffa Idi ya zo zaure wurin Baba. Ina jinsa daga tsakar gida. Ya ce an zubar da mutuncin gidan, saurayi da gemu ya fara fito masa yana cin tuwon Kirista da rana tsaka a watan azumi. Ya ce shi ya ga masu ciwo, mai ciwo a kwance yake, ba ya zama yana gyaran rediyo yana zuba surutu. Wai likitocin yanzu ko ƙaiƙayi ka kai musu sai su hana ka ibada. Na ɗaga murya daga inda nake na ce in ya fi likita da liman sani ya buɗe asibiti da masallacinsa. Baba ya ce in rufe baki. Ya yi wa ƙaninsa bayanin dam da injina, ina ji, tiryan-tiryan. Baffa ya ce to ai injin da ba a tayarwa shi ke tsatsa.

Daga ranar Nafi'u ya daina zuwa gidan Maman Bulus. Sai ta riƙa miƙo kwanon ta kan katanga, ni kuma in kai masa zaure in tsaya a kansa har ya ci. Wata rana ina tsaye, ya juya cokali ya juya, ya ce, “Sajan, kin san abin da ya fi ciwon nan ciwo? Kowa aka gamu da shi a hanya sai a ce masa ya ibada. Har yaron da bai kai kafaɗata ba. Ni in an zo kaina sai a ce ya jiki.”

Na ce masa gaisuwa ba ta cika ciki, ya ci abinci. Ya ci.

Amma ba kullum nake gida ba. Azumi lokacin cinikin shinkafa ne, tukunya ɗaya ta rage mana, sai mun yi turari sau biyu kafin mu tara abin kaiwa inji, kuma ni ke kaiwa Kura. In ba na nan Umma ke miƙa masa kwanon, ya dawo mata da shi a wanke. Daga baya ne yaran maƙwabta suka faɗa mini su suke cinyewa. Tun shigowar goma ta tsakiya, duk ranar da na fita, azumi yake yi. Da sahur yakan tashi ya zauna tare da su Baba, ya ce ai likita ta ce ya riƙa ci a kai a kai. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Ga wanda ba manomin rani ba: ruwan kanal ba kullum ake sakar wa kowa ba. Kowane ɓangare da ranarsa. In ranarku ta zo sai mutum ya tsaya a gona, ya jefa bututu a kanal ya jawo ruwan, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya da fartanya, ya buɗe wannan ya toshe wancan, a duƙe, a rana. In ta wuce ka, sai zagaye ya dawo, kuma sabon dashe ba ya jira. Baba ya lissafa ranarmu, ya ga yana da sarari, ya tafi Kano neman ɗaya daga cikin magungunan Nafi'u da ya ƙare, wanda ba a samu a Kura. Ni ma na tafi inji. A ranar aka saki ruwa ɓangarenmu, kafin lokacin da aka saba.

Baffa Idi ya biyo ta ƙofar gidanmu da fartanya a kafaɗa. Waɗanda suka ji sun ce tsayawa ya yi ya ɗaga murya, wai ruwa ya zo, shi yana da tasa gonar, ko gidan nan babu namiji ne. Umma tana ciki, kunnenta bai kai ba. Nafi'u yana zaure, da azumi a bakinsa. Dashen nan shi ne duk abin da ya rage mana, kuma ya san a kan wa sauran suka tafi. Ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya ɗauki fartanya.

Baban Bulus ne ya tsince shi bayan azahar, ya je duba injin wani a can. Yana kwance rabinsa a cikin fangali, ruwa yana bi ta gefensa. Saura kaɗan ya gama gonar. Baban Bulus ya ɗebo ruwa ya kai masa baki, ya datse haƙora. Aka ɗora shi a babur, wani ya zauna a baya ya riƙe shi, suka same ni a inji. Wayar hannu ba ta yawaita ba a lokacin, sai da na je wurin mai lema, inda ake biya a buga waya, na kira wani ɗan garinmu da ke kasuwa a Kano ya nemo Baba.

A babban asibiti babu gado, a ƙasa aka fara sa masa ƙarin ruwa. Farfaɗiyar ta yi ta tasar masa, wata na bin wata. Numfashinsa ya zama mai zurfi da sauri, kamar wanda aka koro, alhali ko yatsa ba ya ɗagawa. Da aka sami gado aka jawo tulun iska aka sa masa a hanci. Likitarmu ta zo, ta tambaye ni abin da ya faru, na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi. Baba ya nuna tulun ya ce ga iska ana ba shi, me ya sa har yanzu yake haki.

Ta ce, “Iskar tana shiga, Baba. Masu karɓarta ne suka tsaya.”

Mun shiga goman ƙarshe a wannan ɗaki. Ina godiya ga masu jinyar gadon kusa da mu, mutanen Madobi, da suka riƙa raba abin buɗa-bakinsu da mu. Ina godiya ga Maman Bulus da ta biyo mu har Kano da kunu a fulas. Ba na godiya ga mai gadin da ya hana ta shiga sai da ta ba shi wani abu, ko ga wanda ya riƙa rubuta mana maganin da babu shi a asibitin. Baffa bai zo ba, ya aiko a ce yana gaisuwa, kuma ya ƙarasa ba gonar ruwa.

Wannan karon ganin bai dawo ba. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya kira ni Umma. Likita ta ce duk sa'ad da ya farfaɗo yana iya haɗiya, in ba shi kunu ko cokali ɗaya ne. Wata rana da hantsi ya farka, hankalinsa ya ɗan dawo. Na ɗaga kansa na kai masa cokali. Ya kawar da baki. Ya ce an kira salla? Na ce an kira. Ya juya fuskarsa wajen taga, inda rana ke shigowa, ya ce, “Sajan, ƙarya ba ta yi miki kyau.”

Na ajiye kofin. Na cire gyalena, na ɗauko zanin da nake shimfiɗawa, na hau kan kujera na rataya su a tagar har ɗakin ya yi duhu ta wajenmu. Matar mutumin Madobi ta gane abin da nake yi, ta miƙo mini nata zanin. Na ɗan jira, sannan na sunkuya wajen kunnensa mai ɗan ji na ce masa rana ta faɗi, barka da shan ruwa, ya ibada. Ya ce alhamdu lillahi. Ya buɗe baki. Ya sha kaɗan, ya koma barci, kuma bai sake magana ba. Ya cika ana saura 'yan kwanaki salla.

Abin da nake so ku ɗauka ba shi da yawa. Yaron da ke amai in ya yi gudu, yake ciwon kai, kunnensa ke nauyi, ku kai shi a duba shi, ku faɗa wa likita ciwon dangin uwarsa ko bai tambaya ba. Ba za a warkar da shi ba. Amma in an ce kada ya zauna da yunwa, ba cikinsa kaɗai za ku yi gadi ba, ku yi gadin abin da ke shiga kunnensa. Ni ciki na tsare.

Ranar sadakar uku maza suna zaune a ƙofar gida, ni ina zaure ina tattara rediyoyin mutane don a mayar musu, wasu a buɗe yadda ya bar su. Samarin majalisa duk sun zo. Na ji Baffa Idi yana gaya wa baƙi cewa yaron ya yi kyakkyawan ƙarshe, ya faɗi a gona yana neman halak, ya cika a watan azumi da azumi a bakinsa, wa ya ƙi irin wannan. Ana ta cewa Allahu akbar.

Na ɗaga labulen zaure. Na ce, “Baffa, bai cika da azumi ba. Ni na karya masa, da rana tsaka, da kunun Maman Bulus.”

Wannan karon Baba bai ce in rufe baki ba.

Allah Ya ji ƙan Nafi'u, Ya karɓi azumin da ya yi da wanda aka hana shi. Masu jinya irin tawa, Allah Ya ba ku haƙurin da ban samu ba.